Masu Waƙa Ɗaya: Tarihin Makaɗan Rok na Shekarun 1990

A mako na biyu na watan Janairun 1992, 'yan kasuwar waƙa a Amurka suka wayi gari da abin da ba su taɓa kawowa a ransu ba. Wata ƙungiya ta samari uku daga jihar Washington, masu yamutsattsen gashi da yagaggun wanduna, ta ture Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard na fayafayan da aka fi saye. Sunan ƙungiyar Nirvana, sunan kundin Nevermind. Lokacin da kamfanin Geffen ya fitar da shi a Satumbar 1991, kwafin da ya fara aika wa shaguna bai kai 50,000 ba, don a lissafinsa kiɗa ne na ɗalibai da 'yan tsirarun masu son hayaniyar jita. Ba a yi wata huɗu ba sai ga shi ya sha gaban sarkin mawaƙan duniya na lokacin.

Kamfanoni shida ne ke riƙe da kasuwar a wancan zamani: Warner, Sony, BMG, EMI, PolyGram da MCA. Dukkansu sun ga kuɗi ya ɓullo ta inda ba su zata ba, kuma babu mai iya rantsuwa ya san dalili. Ga shi tun Mayun 1991 Billboard ta daina dogara da abin da masu shaguna ke faɗa mata da baki, ta koma ga ƙidayar SoundScan mai lissafa kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa. Ƙidayar ta tona cewa matasa na sayen kiɗan da manya ke rainawa fiye da yadda ake zato. Sai kamfanoni suka baza wakilai gari-gari. Duk wanda aka gani ya rataya jita, yana da 'yan masu kallo, sai a miƙa masa biro. A kwashi da yawa, a jefa su kasuwa, wanda ya yi tashe a ci ribarsa, sauran a watsar.

Daga wannan ribibi aka samu ƙungiyoyin da har yau ake wa laƙabi da masu waƙa ɗaya: waƙa guda ta game duniya, daga nan shiru. Akan kwatanta su da wutar kara, ta tashi fuu, kafin a ɗora tukunya ta mutu. Ba zan ce duk wanda aka yi wa laƙabin an zalunce shi ba. Akwai waɗanda da gaske waƙa ɗaya Allah ya ba su, suka rera ta suka koma gida, kuma babu abin kunya a ciki. Amma in aka bi tarihin 1992 zuwa 1999 daki-daki, za a ga da yawa daga sanannun cikinsu ba baiwa ce ta ƙare musu ba. Wanda ya hura wutar shi ne ya janye karan, wato mai kamfani.

Ga yadda cinikin yake. Kamfani zai ba ƙungiya kafin alƙalami, kuɗin da samarin da ke kwana a bayan mota ba su taɓa riƙe irinsa ba. Sai dai bashi ne. Kuɗin ɗakin ɗaukar murya, na mai tsara sauti, na bidiyo, na motar yawon wasanni, duk littafin bashi ake rubuta su, kuma daga ɗan kason ƙungiyar ake cirewa, kason da yawanci bai wuce kashi 15 cikin 100 na kuɗin faifai ba. Shi ya sa ƙungiya kan sayar da kwafi rututu, kamfani ya cika aljihu, su kuwa a ce musu har yanzu ana binsu.

Hanyar kai waƙa kunnen jama'a biyu ce, rediyo da tashar talabijin ta MTV. Doka ta hana kamfani biyan gidan rediyo a ɓoye don a sa waƙarsa, sai dillalai suka shiga tsakani: kamfani ya biya dillali, dillali ya san yadda zai yi da gidan rediyo. Kowace waƙa da farashinta, saboda haka akan zaɓi guda ɗaya daga kundi a zuba mata duk ƙarfi. In ta biyu ba ta motsa ba cikin 'yan makonni, an rufe littafi. Sannan ga dabarar da ta fi duka ɓata wa makaɗan suna. A da, mai son waƙa kan saye ta ita kaɗai a ƙaramin faifai da kuɗi kaɗan. A shekarun 1990 kamfanoni suka riƙa hana fitar da ƙaramin faifan, don mai so ya sayi kundin CD gaba ɗaya a kan dala 15 ko fiye. Yaro ya tara kuɗinsa saboda waƙa guda, ya je gida ya tarar sauran ba irinta ba ne, ya ji an cuce shi. Haushinsa kuwa a kan makaɗan yake sauka, don sunansu ne a jikin kwalin.

Babu labarin da ya kai na Blind Melon taɓa zuciya. A Los Angeles suka haɗu a 1990, uku daga Mississippi, ɗaya daga Pennsylvania, sai mai rera musu waƙa, Shannon Hoon, daga Lafayette ta jihar Indiana, garin su Axl Rose na Guns N' Roses. Kundinsu na farko ya fito a Satumbar 1992, ya yi wata da watanni ba ya motsi. Sai a tsakiyar 1993 aka yi wa waƙar "No Rain" bidiyo, kuma wanda ya shirya shi, Samuel Bayer, shi ne ya shirya wa Nirvana bidiyon da ya ɗaga su. Wata yarinya ce 'yar shekara 10, mai tabarau, an yi mata shigar ƙudan zuma, rawaya da baƙi, da 'yan ƙahoni a ka. Ta hau dandali ta taka rawa, aka fashe mata da dariya, ta sauka da gudu. Ta yi ta yawo a titunan birni tana rawa a gaban duk wanda ta tarar, kowa ya dube ta sheƙeƙe. A ƙarshe ta isa bakin wata ƙofa, ta leƙa, sai ga koren fili cike da mutane masu shiga irin tata suna tsalle-tsalle. MTV ta yi ta maimaita shi dare da rana. Waƙar ta kai ta 20 a jadawalin Hot 100, kundin ya sayar da kwafi miliyan 4 a Amurka.

Masu kallo ba su lura waƙar ta baƙin ciki ce ba. Brad Smith, mai kaɗa musu jita mai kaurin amo, ya rubuta ta tun kafin a kafa ƙungiyar, a kan mutumin da ƙunci ya hana shi tashi daga shimfiɗa. Sauran waƙoƙinsu ma sun fi ta nauyi. Da suka tashi yin kundi na biyu sai suka tafi New Orleans, suka gayyato masu bushe-bushen birnin suka buɗe musu shi, suka sa masa suna Soup. A Agustan 1995 ya fito. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, masu saye suka nemi wata yarinyar zuma suka rasa. Hoon ya daɗe yana fama da miyagun ƙwayoyi, bai jima da fitowa daga gidan jinya ba, kuma an haifa masa 'ya a watan Yuli. Duk da haka aka hau hanya don tallata kundin da ba ya ciniki. Ranar 21 ga Oktoban 1995 aka tarar da gawarsa a cikin motar ƙungiyar a New Orleans, hodar ibilis ta yi ajalinsa yana da shekara 28. Yau masu sauraron rok da yawa na ganin Soup ya fi na farkon, kuma ina tare da su. Mutumin da ya mutu wata biyu bayan kundinsa na biyu, da wane baki za a ce waƙa ɗaya ce kaɗai a cikinsa?

A 1993 ɗin dai 4 Non Blondes ta San Francisco ta cika duniya da "What's Up?", ta 14 a Amurka, ta 2 a Birtaniya, ta ɗaya a Jamus. Mai waƙar, Linda Perry, ba ta ji daɗin kwalliyar da aka yi wa sautin don ya dace da rediyo ba, ta bar ƙungiyar kafin a gama kundi na biyu. Aka ɗauka ta ƙare. Sai ga Pink da "Get the Party Started" a 2001, sai ga Christina Aguilera da "Beautiful" a 2002, duka alƙalamin Perry ne.

Shi kansa laƙabin da mudun Amurka ake auna shi. Ba'amurke da "Bitter Sweet Symphony" kaɗai ya san The Verve, alhali kundin da waƙar ke ciki, Urban Hymns na 1997, yana cikin waɗanda aka fi saye a tarihin Birtaniya. Radiohead kuwa saura ƙiris ta shiga sahun. "Creep" ta yi tashe a 1993, aka fara yi musu kallon masu waƙa ɗaya, har su da kansu suka tsani rera ta. EMI ta yi haƙuri da su, ta bar su suka yi The Bends a 1995, suka yi OK Computer a 1997. Baiwa suna da ita, babu musu, amma lokacin da aka ba su shi ne abin da yawancin takwarorinsu suka nema suka rasa.

Sai Chumbawamba, wadda labarinta ya saɓa da na kowa. Wanda ya fara jin "Tubthumping" a 1997 zai ɗauka sababbin yara ne, alhali tun 1982 suke tare, maza da mata, suna zaune a wani tsohon gida da suka mamaye a unguwar Armley ta birnin Leeds, tukunya ɗaya, asusu ɗaya. Aƙidarsu ita ce ƙin duk wani mai mulki da duk wani ɗan jari-hujja. Sun yi wasanni don tara wa mahaƙan kwal kuɗi a yajin aikin 1984 zuwa 1985. Kundinsu na farko, a 1986, suka ne kai tsaye ga bikin Live Aid da aka yi a 1985 saboda yunwar Habasha. Hujjarsu ita ce attajiran mawaƙa sun ɗaukaka sunansu da hotunan yaran Afirka, ba tare da sun tambayi abin da ya jawo yunwar ba.

Kundinsu na takwas ne ya zo da "Tubthumping". Ƙaramin kamfanin da suke tare da shi ya ƙi karɓarsa, suka sa hannu da EMI, kamfanin da suka taɓa shiga faifan haɗaka don zaginsa, tsofaffin magoya bayansu suka ce an ci amana. Waƙar a kan juriyar ɗan ƙwadago take, da amshin da cikakken filin ƙwallo zai iya ɗauka da baki ɗaya. Ta kai ta 2 a Birtaniya, ta 6 a Amurka, kundin ya sayar da kwafi miliyan 3 a Amurka kaɗai.

Yadda suka yi da ɗaukakar ya fi waƙar kanta ban mamaki. Ɗaya daga cikinsu, Alice Nutter, ta fito a talabijin a Amurka ta ce wanda ba shi da kuɗi ya shiga babban shago ya ɗauki faifan abinsa, har shagunan Virgin suka kwashe shi daga kanta suka mayar bayan teburin mai karɓar kuɗi. A Fabrairun 1998, a bikin lambobin yabo na Brit a Landan, mataimakin firaminista John Prescott na zaune a teburinsa, sai Danbert Nobacon na Chumbawamba ya juye masa bokitin ruwan ƙanƙara. Dalilinsa shi ne ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Liverpool kusan 500 da aka kora tun 1995, waɗanda gwamnatin Tony Blair ta ƙi tsaya wa, ga shi kuma Prescott tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, ɗan ƙungiyar ƙwadago. Jiƙa dattijo a bainar jama'a ba hali ne da zan yaba ba, haka ma kiran a yi sata. Amma mai neman a sa masa waƙa ta biyu a rediyo ba ya yin irin wannan, kuma sun sani sarai. A 2002 General Motors ta biya su don ta sa wata waƙarsu a talla, suka karɓi kuɗin suka miƙa wa ƙungiyoyin CorpWatch da Indymedia don a bi diddigin kamfanin da shi. Daga baya suka ajiye jitar lantarki, suka koma salon waƙoƙin gargajiya na talakawan Ingila, har suka yi sallama a 2012, shekara 30 da kafuwa.

Ana cikin haka sai kasuwar kanta ta juya. A Fabrairun 1996 Shugaban Amurka Bill Clinton ya sa hannu a sabuwar dokar sadarwa. Kafin ita, kamfani ɗaya ba ya mallakar gidajen rediyo fiye da 40 a faɗin ƙasar. Dokar ta cire wannan iyaka, kuma cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel kaɗai ya tara kusan 1,200. A da mai gabatar da shiri kan ji waƙa ta burge shi ya sa ta don ra'ayin kansa. Yanzu jerin waƙoƙi daga sama yake zuwa, gajere, iri ɗaya a gari da gari. Wadda ta samu shiga a yi ta sa ta har ta gunduri mutane, wadda ba ta samu ba ko sau ɗaya ba za a ji ta ba. Sai kuma a ƙarshen 1998 Seagram, kamfanin giya na Kanada da ya riga ya mallaki MCA, ya saye PolyGram a kan sama da dala biliyan 10. Shida suka koma biyar. A farkon 1999 aka narkar da tsofaffin gidaje irin su A&M da Geffen, aka sallami ma'aikata, aka soke kwantiragin mawaƙa birjik.

Harvey Danger na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. A Jami'ar Washington da ke Seattle suka haɗu, suka yi kundinsu na farko da kusan dala 3,000, wani ɗan ƙaramin kamfani ya fitar a 1997. Wani mai gabatarwa a rediyon Seattle ya fara sa "Flagpole Sitta" don ta burge shi, sauran gidaje suka ɗauka, London Records ta karɓi kundin ta sake fitarwa, ya sayar da rabin miliyan. Suka koma suka yi na biyu, King James Version, sai haɗewar kamfanonin ta faɗo a kansa. Ya yi ta jira a aljihun tebur, bai fito ba sai Satumbar 2000, lokacin da kasuwa ta riga ta manta da su. A 2005 suka yi na uku da kuɗinsu, suka sa shi a intanet kyauta, shekara biyu kafin Radiohead ta yi makamancin haka duniya ta yi ta yabo. A 2009 suka rabu.

Mai son ganin cikin wannan ciniki da idon wanda ya shiga, ya nemi littafin Jacob Slichter, makaɗin gangar Semisonic, wanda ya fito a 2004. Su uku ne daga Minneapolis. "Closing Time" ta hau saman jadawalin sabon rok a 1998, kuma har yau ita ake sawa in za a rufe gidan rawa ko a tashi taro, ko da yake mai rera musu waƙa, Dan Wilson, ya bayyana cewa da haihuwar 'yarsa a ransa ya rubuta ta. Slichter ya zayyana dubban ɗaruruwan dalolin da aka kashe kafin waƙar ta shiga rediyo, da yawon gaisuwa gidan rediyo zuwa gidan rediyo, da yadda hidimar da ake yi musu ke komawa littafin bashinsu. Kundin ya sayar da miliyan ɗaya. Na gaba, a 2001, bai yi kasuwa a Amurka ba, MCA ta janye hannu. Shi wannan Dan Wilson ɗin ya ci Grammy ta waƙar shekara a 2007 tare da Dixie Chicks, shi ne kuma ya zauna da Adele suka rubuta "Someone Like You".

Akwai wanda ya hango inda aka dosa ya sauka da ƙafarsa. Gregg Alexander, ɗan jihar Michigan, ya riga ya yi kundi biyu da sunansa, duka suka faɗi. A 1998 ya fito da sunan New Radicals da waƙar "You Get What You Give", yana sanye da hular da ke rufe masa ido. Ta kai ta 5 a Birtaniya, ta ɗaya a Kanada. A Yulin 1999, ana shirin fitar da waƙa ta biyu, ya ba da sanarwar ya rusa ƙungiyar, don ya gaji da kwanan otal da yawon tallata kai, ya fi son ya zauna ya rubuta wa wasu. Da hannunsa a "Murder on the Dancefloor" ta Sophie Ellis-Bextor, da "The Game of Love" ta Santana da Michelle Branch wadda ta ci Grammy. Bai sake rera waƙa da sunan New Radicals ba sai ranar 20 ga Janairun 2021, a bikin rantsar da Joe Biden, saboda waƙar ce ɗan Biden, Beau, ke yawan saurara lokacin da yake jinyar sankarar da ta yi ajalinsa a 2015.

Shekarar da Alexander ya sauka ita ce ƙololuwar kasuwar. A 1999 cinikin fayafayai a Amurka ya kai dala biliyan 14.6. A Yunin shekarar wani ɗalibi, Shawn Fanning, ya saki manhajar Napster, wadda ke ba mutum damar sauke waƙa ɗaya tak daga kwamfutar wani, kyauta. Yaran da aka daɗe ana tilasta wa sayen kundi guda saboda waƙa ɗaya suka yi tururuwa zuwa gare ta. A 2003 Apple ta buɗe shagon iTunes, kowace waƙa ƙasa da dala ɗaya. Zuwa 2014 cinikin bai kai rabin na 1999 ba. MTV da rediyo kuwa tuni sun juya wa irin waɗannan masu jita baya, sun koma kan su Britney Spears da Backstreet Boys.

Yau kundayen nan suna intanet, babu dillali tsakaninka da su. Mai karatu, in ka san "No Rain", ka nemi Soup ka saurare shi daga farko har ƙarshe. In ka san "Flagpole Sitta", ka nemi King James Version. Sannan ka yanke naka hukuncin.